Baƙin Ruwa a Kan Kwabar Inna

Shekara uku na yi ina kiwon abin da ido ba ya gani, kuma a duk faɗin unguwarmu ta Mile One, a Fatakwal, babu wanda ya taɓa tambayata yadda suka kwana. Mai akuya ana tambayarsa, mai kaji ma ana tambayarsa. Ni kuwa in na fito da safe sai dai Bashira, matar mahaucin da muke haya gida ɗaya, ta leƙo ta ce, "Dokta Haulatu, yau ma miyar ɓawon rogo za a yi?" Ta san sarai ban zama dokta ba tukuna. Neman magana ne kawai, ni kuma ba na tankawa.

Aikin nawa ba shi da wuyar faɗa, ni ce dai ban taɓa zama na faɗa wa kowa da Hausa ba. Akwai ƙananan halittu da ake kira bakteriya, irin waɗanda ke sa kamu ya yi tsami. Nawa ɓawon rogo suke ci, su fitar da wani sinadari mai tsami da masana'antu ke nema don yin leda mai ruɓewa a ƙasa. Matsalar ita ce in sun gama aiki suna cikin ruwan, ka zubar da ruwan ka zubar da ma'aikatanka. Shi ya sa muke lulluɓe su da garin ƙarfe mai laushin gaske, wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Garin ya manne a jikinsu, ruwan ya koma baƙi. In an gama sai a kara maganaɗisu a jikin kwalbar, nan take baƙin ya taru a gefe guda, ka tsiyaye ruwanka garau, ka zuba musu sabon abinci. Kowane zagaye sai na zaɓi waɗanda suka fi ƙwazo na ci gaba da su. Na kai zagaye na sittin da ɗaya.

Asalinsu kuwa daga gidanmu ne, a Anacha. Inna ta yi shekara talatin tana dama koko a bayan Head Bridge, wajen babbar gadar garin, 'yan dako da masu tura baro suna layi tun kafin rana ta fito. A shekarar da gwiwa ta hana ta, na je hutu na ɗebi cokali ɗaya na ruwan tsami daga tukunyarta na kawo Fatakwal. Ban gaya mata ba. Ta taɓa tambayata sau ɗaya, tana tsefe mini kai, wai shin wane irin aiki ne nake yi a ɗakin gwajin nan. Ina cikin gajiya na ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ta ce to. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma har na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini.

Abu biyu suka haɗu suka mayar da ni abin tausayi. Na farko, janaretan ɗakin gwajinmu na jami'a ya mutu a wani mako da ba wuta, firiza ta narke, duk irin da na ajiye a daskare ya lalace. Na biyu, kafin na sake ajiye wani aka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofa da kwaɗo. Abin da ya rage mini a duniya na aikin shekara uku shi ne kwalba ɗaya da na fito da ita a jaka. Na kai ta ɗakina, ina dafa musu ruwan ɓawon rogo a kan risho, ina ba su abinci duk bayan kwana biyu. In suka mutu, shike nan, ba inda zan je na samo irinsu.

A wurin aiki ni ce "Hajiya", wadda ake gaisarwa da fara'a amma ba a kira in za a fita cin abinci. A unguwa kuma ni ce 'yar boko mai shekara talatin da shida da ke tafasa shara a ɗaki. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni a watannin nan. Har magana nake yi da kwalbar. In na kara maganaɗisu na ga baƙin ya taho wurin hannuna, sai na ce, "Yauwa, kun zo." Su kaɗai ne a garin nan nake kira su amsa.

Ranar wata Talata da hantsi ƙanena Shafi'u ya bugo waya. Muryarsa kaɗai ta ishe ni. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika bayan asuba. Ba za a jira ba, yanzu za a kai shi."

Na yi salati, na zauna a bakin katifa. Abin da ya fara zuwa zuciyata bayan salatin, ina jin kunyar faɗarsa har yau: ranar Alhamis ne abincinsu. Ubana kwance a makara, ni ina tunanin ranar Alhamis. Na yi kuka a kan Baba, na kuma yi kuka a kan irin mutumin da na zama.

Ba wanda zan bar wa su. Bashira za ta karɓa da dariya ta manta da su a rana. Don haka na wanke hannu, na janye su da maganaɗisu, na ɗauraye su, na mayar da su cikin ruwan gishiri mai sauƙi wanda za su iya zama a ciki kwana biyu ba ci. Kwalbar gilashi ba za ta jure ramukan hanyar Owerri ba, sai na tafasa wata ƙaramar gorar ruwa ta roba na juye su a ciki. Na naɗe ta da farin kyalle don haske, na sa a jakar hannu tare da maganaɗisun.

A mota yaron direba ya so ya cusa jakar a but, wurin kaya. Na riƙe ta gam. Ya ce, "Madam, na gold dey inside?" Na ce masa ba zinariya ba ce a ciki, ya kula da aikinsa. Awa biyar na yi da jaka a cinya, kowane rami sai na ji kamar cikina aka buga.

La'asar ta yi na isa. Layinmu cike da tabarmi, abokan Baba na kasuwar wake zaune a jere, har da Inyamuran da suka yi shekaru suna sayen kaya a wurinsa. Na durƙusa na gaishe su, suka yi mini ya haƙuri, na wuce ciki. Inna na zaune a ƙuryar ɗakinta cikin hijabi, ta rame a wuni ɗaya. Kusa da ita Gwaggo Tani ce, yayar Baba, wadda ta taso daga Inugu tun da safe ta karɓe ragamar gidan kamar yadda ta saba karɓe ragamar kowane gida.

Na faɗa jikin Inna. Ta dafa kaina ta ce, "Kin iso." Daga nan muka rasa abin cewa. Haka muke ni da ita tun da daɗewa, gaisuwa sai shiru.

Da na natsu na tashi na fita na wanke hannuwana har gwiwar hannu, na dawo na buɗe jaka. Na zare kyallen kaɗan na duba, baƙin ya kwanta a ƙasan gorar lafiya lau. Na mayar da kyallen, na taka kujera na ɗora ta a can saman kwabar Inna, inda ta fi sanyi kuma hannun yara ba ya kaiwa. Na juyo na ce wa matan da ke ɗakin, "Don Allah kada a bar yara su taɓa wannan. Kada a sauko da ita ƙasa, kada a sa ta a rana."

Gwaggo Tani ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "A'a, wa zai ajiye wannan a ƙasa?" Inna kuwa ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo mai taushi da ban saba gani ba. Na ɗauka na rashin Baba ne. Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da na tsaya na tambayi kaina me mace ta ga an wanke hannu, an naɗe baƙin ruwa a farin kyalle, an ɗora a sama, za ta ɗauka.

Laraba ta wuce cikin karɓar gaisuwa. Inna ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Ni kuma ina zaune cikin mata kamar baƙuwa. Ana hirar wanda ya haihu da wanda ya koma Arewa, sunaye ne da rabinsu ban sani ba. Wata ta tambaye ni ko har yanzu karatun ne, na ce e, ta ce Allah ya kawo ƙarshensa, da irin muryar da ake yi wa mai jinya addu'a.

Alhamis ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha maza sun fara watsewa, na saci jiki na tafi kasuwa wurin matan da ke fere rogo. Na roƙi ɓawo cikin leda, suna ta mamakin Bahaushiya da hijabi tana tsintar abincin awaki. Na dawo ta ƙofar baya, na sami murhu ɗaya da ba kowa, na dafa, na tace, na jira ya huce. Duk wannan ya ci kusan awa uku. Na wanke hannu na nufi ɗakin Inna.

A bakin ƙofa Gwaggo Tani ta tare ni, yatsa a kan leɓe. "Yi a hankali, ta samu barci." Fuskarta sai walƙiya take. Ta ja ni gefe ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Haulatu. Wallahi ban zaci kina da wannan tunanin ba. Tana sha ko minti goma ba a yi ba barci ya ɗauke ta."

Na ce, "Tana shan me?"

"Rubutun mana. Mun ga kin yi shiru, na ce yarinyar nan kunya take ji, ba ta san yadda za ta miƙa ba. Na sauko da shi na girgiza, na ba ta ta sha ta shafe fuska. Ragowar muka raba, ni da Safiyatu matar Shafi'u da maƙwabta biyu. Har da ɗan gishiri-gishiri, na ce lalle malamin da zamzam ya wanke allon."

Abin da ya fara kama ni tsoro ne. Na tsaya ina auna abin a kaina: halittun nan daga koko suka fito, ba sa cutar da mutum, garin ƙarfen kuma bai kai rabin ƙaramin cokali ba, an raba shi biyar. Ba abin da zai same su. Sai da na tabbatar da wannan sannan ɗaya abin ya sauko mini.

"Ina gorar?"

"Ai ba a barin wurin rubutu haka. Na ɗauraye na ba ta ta shanye ɗaurayen, sannan na wanke ta tas da ruwan zafi da omo, ita da kofin. Ga ta can na kife."

Ruwan zafi da omo. Gwaggo Tani ba ta taɓa yin aiki rabi ba a rayuwarta.

Na ɗauko maganaɗisun na fita bayan gida wurin wanke-wanke. Na tsuguna a bakin makwarara, cikin kumfa da ƙwayoyin shinkafar sadaka, ina jan shi a kan siminti. Mata suka bar abin da suke yi suka zuba mini ido. Na ji wata tana cewa a hankali, "Rasuwar ce ta taɓa ta." Ban kula ba. Na samu ƙusa biyu, da allura, da murfin kwalba, da wani ɗan baƙi-baƙi da bai fi a shafa a ido ɗaya ba. Na kai hanci, ƙamshin omo ne kawai. Garin ƙarfen ne ya rage, abin da ke jikinsa ya riga ya mutu.

A nan na zauna a kan dutsen wanki na yi kukan da ban yi ba tun da na zo. Matan suka taso suna ba ni haƙuri, suna cewa Baba mutumin kirki ne, ya riga ya huta. Na bar su a haka. Ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya ba kamar lokacin nan da hannuwa shida ke dafe da ni.

Bayan azahar aka ce Inna na kira. Na same ta zaune, idonta ya washe, ga ɗan baƙi a gefen goshinta inda ta shafa. Ta sa aka fita aka bar mu. Ta kamo hannuna ta riƙe, abin da rabonta da yi tun ina firamare.

Ta ce, "Na ɗauka kin bar mu, Haulatu. Na ɗauka karatun nan ya tafi da ke inda ba ma iya binki. Sai ga shi kin ji mutuwar ubanki, kafin ki hau mota kin tsaya kin nemo mini abin da zai sanyaya mini zuciya." Ta share ido da bakin hijabi. "Wane malami ne? Ina so a kai masa godiya. In da hali kuma ya ƙara mini, takabar nan da tsawo."

Ƙarya ta zo mini har bakin harshe, kuma mai sauƙi ce. Malamai sun cika Mile One, in na koma sai na karɓo na gaske na aiko. Amma sai na ga zan ɗora wa sunan Allah abin da ba shi ba, a gaban matar da ke takaba. Na kuma ga cewa wannan hannun da ta riƙe, ba nawa ta riƙe ba, na wata 'ya ce da ta zaci tana da ita.

Na ce, "Inna, ba rubutu ba ne. Ba zai cutar da ke ba, na rantse. Amma ba rubutu ba ne. Aikina ne."

Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa, amma ba ta janye ba. Na jira faɗa, ko kuka, ko ta ce na fita. Sai ta ce, "Wanda ba zan gane ba?"

Ashe tana riƙe da maganar nan. Shekara uku tana riƙe da ita.

Na tashi na ɗebo ruwa a kofin gilashi, na kankare ɗan baƙin nan na makwarara a ciki, na motsa har ya bazu. Na kara maganaɗisun a gefe. Baƙin ya taso ya taru a wurin yatsuna. Na zagaya da shi, ya biyo ni. Inna ta matso da fuskarta. Na fara yi mata bayani, da Hausa, tun daga farko, ina tuntuɓe ina neman kalma. Na gaya mata abin da suke ci da abin da suke fitarwa, da firizar da ta narke, da risho, da zagaye sittin da ɗaya. Ba ta katse ni ba sai sau ɗaya, ta ce, "Mayen ƙarfe ne dai wannan, irin na cikin rediyo?" Na ce shi ne. Ta ce, "To ai na gane."

Da na zo kan inda na samo su, sai ta ɗago.

"Tukunyata?"

"Taki. Cokali ɗaya na sata."

"Shekara uku kina ciyar da tsamin kokona a Fatakwal?"

"E, Inna."

"Su ke nan kuma? Ba wasu?"

"Su ke nan."

Ta dubi kofin, ta dubi cikinta, ta rufe baki da hannu. Na zaci kuka za ta yi, sai na ga kafaɗunta na rawa, dariya ce ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ni ma ta kama ni. Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa don kada a ji mu a gidan makoki. Da ta lafa ta ce, "Wayyo 'yata. Na shanye miki." Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: "A can ɗin, in kin dawo daga aiki, da wa kike hira?"

Na nuna kofin. Ta dubi gefen gadon da Baba ke ajiye buta da carbi, ta daɗe tana kallo.

Can ta ɗaga murya ta kira Gwaggo Tani. Ta ce a shiga ɗakin ajiya a fito mata da tsohuwar tukunyar kamu, a auno gero kwano ɗaya. Gwaggo ta ce, "Koko kuma, ana cikin wannan hali? Ke da gwiwa?" Inna ta ce, "Ba ni zan yi ba, nuni zan yi. A kawo."

Aka kawo tukunyar, duk ƙura da yanar gizo, an ma ajiye gawayi a ciki. Na dube ta na san abin da na sani. Shekara uku a bushe, da wuya wani abu ya rage a jikinta. Ko da wani ya tsiro, ba nawa ba ne, ba waɗanda na yi zagaye sittin da ɗaya ina tacewa ba. Waɗancan sun tafi, aikin kuma daga farko zan soma in an buɗe ƙofar ɗakin gwaji. Na buɗe baki zan faɗa mata haka, sai na tuna inda irin wannan bayanin ya kai ni a baya, na fasa.

Na ce, "Jibi nake son komawa, Inna."

"Wa za ki koma ki ciyar?" Ta tura mini faifai da ƙafa. "Zauna ki tsince. A jiƙa yau, gobe a kai markaɗe, a tace. Sai ya yi tsami ki ɗebi cokalinki, wannan karon a gabana."

"Kwana nawa zai ɗauka?"

Ta gyara zaman hijabinta, ba ta dube ni ba. "Ni ba na taɓa kamuna sai ya kwana bakwai."

A gidan nan na girma. Kamun Inna bai taɓa wuce kwana biyu ba. Na jawo faifan na zauna kusa da ƙafarta, na fara tsince tsakuwa.